Shekarar da Babanku Ya Ɗaura Mini Zane

Na gaji da jin labarin nan a bakinku yadda ba haka ya faru ba. Ranar sallar da ta wuce ina kwance a ɗaki, kuna zaton barci nake, na ji ɗaya daga cikin jikokina tana gaya wa ƙawarta wai kakanta ya taɓa bin kakarta da wuƙar mahauci a tsakiyar taron suna a unguwar Gudel. Suka yi ta dariya har da buga cinya. To, wuƙa dai an shigo da ita, ban musa ba. Amma babanku bai taɓa bin kowa da gudu ba, ko kaza ce, gwiwoyinsa ma ba za su yarda ba. Tunda yanzu ba ya nan balle ya kare kansa, kuma ko yana nan ba zai ce uffan ba, ni zan faɗa, ku kuma ku saurara kada wanda ya katse ni.

Asalin abin daga tsakar gida ne. Yayanku babba, wanda ba na kiran sunansa saboda ɗan fari ne, tun da aka ba shi biro, wato ofis, a unguwar Plato ake ce masa Shef, wato oga, ni ma na samu sauƙi na bi sahun mutane. Shef ya zo wata rana ya dubi tsakar gidanmu ta ƙasa, ya ce ba ta dace da iyayen mutum kamarsa ba. Ya turo magina suka shimfiɗa mana karo, wato tayil, fari fat, mai sheƙi da santsi, tun daga bakin zaure har gindin famfo. Kyau kam ya yi kyau, maƙwabta suka riƙa zuwa kallo suna cire takalmi tun daga waje. Ruwan farko na daminar nan na fito da sauri in kwashe shanya, ƙafata ta yi gabas ni na yi yamma, na sauka da dukan nauyina a kan kafaɗar dama. Kun san kuma nauyin nawa ba na wasa ba ne. Aka yi shafe-shafe, aka kira mai ɗori ya murje ni har na kira uwata da ta rasu tun ina amarya, abin bai yi ba. Da aka ɗauki hoton kafaɗar, lokotoro, wato likita, ya ce wata jijiya ce ta tsinke a ciki, sai an yanka an ɗinke.

An yi aikin lafiya, alhamdulillahi. Ranar da za a sallame ni, lokotoron, wani yaro ne da bai wuce sa'an autata ba, ya tsaya a kaina yana jero dokoki. Hannun zai zauna manne da ƙirjina cikin wani maɗauri mai kama da majanyin goyo. Ba ɗagawa sama, ba kai shi baya, ba ɗaukar ko da ludayi. Riga kuwa sai mai buɗewa ta gaba, a fara zura hannun ciwon, in za a cire kuma shi ne na ƙarshe.

"Lokotoro," na ce, "rigunana duka ta kai ake sa su."

"To sai a canza, Hajiya."

"Zanen fa? Kallabin fa?"

"Wani ya ɗaura miki mana," in ji shi, yana ta rubutunsa ko ɗago kai bai yi ba.

Wani ya ɗaura mini! Ni Rakiya! Ku da kuka yi wayo kuka same ni jiki ya yi nauyi ba ku san ko wace ce ni a Yamai ba. A foyandinmu, wato taron wuni da mu matan kartiye, ma'ana unguwa, muke yi gida-gida, in na shigo sai an dakata da hira an dubi kaina tukuna. Amare nawa aka kawo mini har ɗaki na ɗaura musu kallabi kafin a kai su? Zanena kuwa tun ina budurwa a Maradi bai taɓa kwancewa a gaban mutane ba, ko da rawa nake. Da hannun dama nake jawo bakinsa in soke a hagu, shi ke nan an gama sai dare. Ga shi hannun daman ne aka ɗaure mini a ƙirji kamar jariri.

Zuwaira, ƴata ta biyu, ita ta yi jinyata a asibiti, amma malamar lakwal ce, wato makaranta, a Doso, hutun da aka ba ta ya ƙare. Hamsatu matar Shef kuwa cikinta ya tsufa, ta riga ta koma gidan iyayenta a Gudel don haihuwa. Sai Shef ya tara mu a salon, wato falo, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya karanto mana hukuncin da ya riga ya yanke tun a biro. Ni zan koma gidansa, inda akwai ƴar aiki da kilim mai hura sanyi. Babanku kuma ya tafi Tawa wurin ƙanensa ya huta, tunda babu mai dafa masa. Gidan a rufe shi tukuna a ga abin da hali zai yi. Na san wannan tukunar sarai. Na ga ƙawayena da aka ɗauka jinyar wata ɗaya, har yau suna ɗakin baya a gidajen ƴaƴansu suna kallon tele, nasu gidajen kuma ƴan haya sun cika su. Na kuma san in babanku ya tafi Tawa a waɗannan shekarun nasa, da wuya mu sake shan fura a kwano ɗaya. Duk wannan magana ana yi yana zaune kan buzunsa a gefen ƙofa, ba wanda ya tambaye shi ko yana so. Tun da ciwon gwiwa ya raba shi da rumfarsa ta itacen gini a kasuwar Katako ya zama mutumin zaure da ƴar rediyo, kuka saba yin magana ta saman kansa. Wannan ya yi mini zafi fiye da ɗinkin da ke kafaɗata.

"Ba inda za ni," na ce.

"Inna, wa zai yi miki wanka? Wa zai sa miki kaya?"

"Ga babanku nan."

Shef ya yi dariya. Ba raini ba ne, kuɓuce masa ta yi. Zuwaira ta toshe baki da mayafi. Babanku ya kashe rediyonsa ya ɗago kai.

"Mi aka ce in yi?"

"Zane za ka riƙa ɗaura mini, Alhaji."

"Zane dai? Ni da ni ɗaure lodin motar kamiyon daga nan har Agadas ko sanda guda ba ta hwaɗi ba? Wanga ai ba aiki ba ne."

Shef ya ce shi ke nan, ya ba mu lokaci har Hamsatu ta sauka. Ranar suna zai gani da idonsa. In ya ga abin ba daidai ba, daga Gudel gidansa zan wuce, kuma wannan karon ba shawara zai nema ba.

Washegari da hantsi aka fara. Rigar da ke buɗewa ta gaba a duk gidan nan guda ɗaya ce, wata tsohuwar rigar babanku ta zuwa kasuwa, ruwan toka, mai manyan aljihu biyu, har yanzu tana ƙanshin garin katako. Ita na sa. Ya fara zura mini hannun lafiya, sannan ya tsaya yana nazarin yadda zai lanƙwaso na ciwon ya shiga, sai da na yi ƙarar da ta sa akuyar maƙwabta ta amsa. Aka cire aka sake. Ya ɓalla maɓallai tun daga ƙasa, da ya iso wuya ya tarar da maɓalli ɗaya ya yi saura babu raminsa, ya ce tela ne ya cuce shi tun asali. Akwai wani abin da ake sawa kafin riga wanda ba zan faɗi yadda muka ƙare da shi ba, jikokina za su ji. Abin da zan ce kawai shi ne babanku ya juya shi sama da ƙasa, ya ce ko a kayan dokin Sarkin Adar bai taɓa ganin ƙugiya ƙanana haka ba.

Sai zane. Shekara arba'in da ɗoriya mutumin nan yana ganina ina ɗaura zane kullum safiya, ashe bai taɓa kallo ba. Ya riƙe baki ɗaya ya ce in riƙa juyawa, na juya har jiri ya ɗebe ni. Ya ce to in tsaya shi ya zagaya, ya zagaya ni yana ɗingishi, zanen ya naɗe mini ƙafafu har na kasa taku. Da muka samu ya zauna a ƙugu, saboda yana fuskantata, sai ya kai bakin zanen dama maimakon hagu. Na ce ba nan ba ne. Ya ce hagu ce. Na ce hagunsa ce ba tawa ba. Ya dubi hannuwansa biyu, ya ce wannan kuma sabon ilimi ne.

"Tsaya cik," in ji shi.

"A tsaye nake."

"Kina motsi."

"Numfashi nake, Alhaji."

"To ki ɗan dakata da shi."

Ya soke bakin zanen da yatsunsa masu kauri, ya ja baya yana kallon aikinsa da alfahari. Na yi taku uku zuwa ƙofa, zanen ya sauka ƙasa a hankali ya zauna. Muka tsaya muna kallonsa mu biyu. Ban san wanda ya fara ba, amma dariyar da muka yi ranar nan har sai da na riƙe kafaɗa ina salati, shi kuma ya zauna a bakin gado yana share hawaye da hularsa. Rabon da in ji dariyarsa haka tun yana zuwa kasuwa.

Daga ranar ya ɗauki abin da gaske. Ya daina zaman zaure. Ya kife babban turmina a tsakar gida, ya ɗauko tsohon zane, ya riƙa ɗaura wa turmin yana kwancewa, yana magana shi kaɗai. Wata rana Tanti Mariyama, maƙwabciyarmu ta jikin katanga, Bazabarmiya ce mai kirki amma bakinta ba ya riƙe ko ruwa, ta shigo dubiya ta tarar da Alhaji durƙushe gaban turmi sanye da atamfa, yana ce masa, "Yawwa, haka nike so, kada ki motsa." Ta ajiye kwanon kunun da ta kawo a bakin ƙofa, ta koma da baya da baya. Kafin la'asar kartiye duka ta ji cewa ciwon nawa ne amma abin ya taɓa Alhaji. Shi ko a jikinsa. Abin da ya dame shi kawai shi ne turmi ba ya tafiya, saboda haka duk ɗaurin da ya zauna a jikin turmi, in ya zo kaina sai ya zame.

Kallabi kuwa nan ne muka yi faɗa na gaske. Mutumin Adar ne, abu ɗaya ya san ana naɗawa a kai, shi ne rawani. Ya ɗauki kallabina ya murɗe shi ya riƙa zagaya kaina da shi, kafin in ankara ya zago da shi ta ƙarƙashin haɓata zai rufe mini baki. Na ce masa ni ba Agadas za ni bisa raƙumi ba. Ya ce ai ya fi kyau haka, ya fi mutunci, kuma za a samu sauƙin magana a gidan. Ban kula shi ba har azahar.

Muna cikin haka Hamsatu ta sauka, namiji. Aka aiko mana da atamfar anko, na sa tela ya yi mini riga mai zif a gaba. Kwana na matsowa gabana na faɗuwa. A gida in zane ya zame, ni da shi ne da turmi. A Gudel kuwa gidan surukai ne, dangin Hamsatu kaf, matan foyandinmu, ga Shef da idonsa a kaina. Ana gobe suna na kira Mariyama ta kan katanga na ce ta shigo da sassafe ta shirya ni, kada kowa ya ji. Na san ba ta iya riƙe magana ba, amma na ce a raina ko kwana biyu ta riƙe ya ishe ni.

Da gari ya waye, na fito daga wanka na tarar babanku ya riga ya hura gawayi ya goge zanen da kallabin da kansa, ya shimfiɗa su a kan gado. Ya sa farar babbar rigarsa, ya naɗe hannuwanta a kafaɗa, ya tsaya yana jirana yana murza tafin hannu. Sai ga sallamar Mariyama daga tsakar gida.

"Hajiya, ga ni na zo ɗaurin!"

Tun daga bakin ƙofa ta fasa, da ƙarfi kuma. Babanku ya dube ni. Ya sauke hannuwan rigarsa a hankali, ya ɗauki rediyonsa daga kan tebur zai fita zaure. Wallahi ƴaƴana, da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Na ga bayan mutumin nan ya koma yadda yake ranar da Shef ya tara mu a salon, sai na ji kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Na leƙa ta taga na ce wa Mariyama ta yi haƙuri, an riga an gama, mu haɗu a can. Sannan na ce masa ya ajiye rediyon nan ya zo, rana tana yi.

Ya ɗaura. Ya daɗe a bayana yana ƴan dabaru, ina jin yana ja yana ƙullawa, ya ce in ɗaga hannun lafiya kada in duba. Da ya gama na yi taku, na zauna, na tashi, na ɗan girgiza, zane ko gezau. Na ce lallai turmi ya yi rana. Abin da ban sani ba shi ne ya yanko igiyar shanya, irin ta roba ɗin nan shuɗiya, ya zagaya ƙuguna da ita sau biyu a kan zanen, ya yi mata ƙullin da yake yi wa lodin kamiyon, sannan ya lanƙwaso bakin zanen ya rufe ta. Kallabin kuwa ya fito rabi ɗauri rabi rawani, da wani dogon jela a bayan kunne. Na duba madubi na ce Allah ya sa mutane su ɗauka ciwo ne ya sa.

Muka ɗauki taksi zuwa Gudel. Gidan surukan namu yana kusa da bakin kogi, cikin lambuna. An yanka rago, an raɗa wa yaro suna, maza suna waje ƙarƙashin rumfa, mu mata muna ciki cike da tsakar gida. Hajiya Biba, uwar Hamsatu, ta tare ni da murna. Bazabarmiya ce, Hausarta ta kasuwa ce, mace da namiji duk "ka" take ce musu. Ta dubi kaina ta daɗe.

"Hajiya, wannan ɗauri naka, daga Makka ka kawo shi?"

Na ce mata sabon yayi ne, bai iso Gudel ba tukuna. Shef ya shigo gaisuwa, ya dube ni sama da ƙasa, ya ga zane zaune daram, ya gyaɗa kai ya fita. Na ji daɗi har cikin raina, na ce mun tsallake. Daɗin nan ne ya sa na saki jiki. Ana zafi ranar, irin zafin bayan ruwa. Aka kawo fura na sha, aka kawo ruwan lemo da citta na sha, aka kawo zoɓo na ce ba zan ƙi surukai ba. Kafin kiran azahar na fara jin cewa lallai ina da buƙatar zagayawa. Na ɗauki buta na shiga bayi, na sa hannun hagu in zare bakin zane, sai na ji yatsuna sun ci karo da wani abu mai tauri kamar ƙwallon goriba. Na ja, ya ƙara matsewa. Na sake ja, ya shige cikin naman ƙuguna. A nan na gane abin da mutumin nan ya yi mini.

Na fito na yafito Hajiya Biba muka shiga ɗakinta. Ta ɗaga bakin zanen, ta ga igiya, ta ce "Irkoy!" wato ya Allah, ta zauna a ƙasa. Ta gwada da farce, farce ya karye. Ta kira ƙanwarta ta gwada da haƙori. Wata ta kawo man gyaɗa aka shafa, ƙullin ya ƙara santsi ya ƙara shigewa. Aka nemi almakashi, aka samo wani ɗan ƙarami na yankan zare, ya lanƙwashe a jikin robar. Kafin wani lokaci ɗakin ya cika da mata, kowa da shawararta, wasu da Hausa wasu da Zabarmanci, ni kuwa ina tsaye ina canza ƙafa, gumi yana bin bayana, furar nan da zoɓon nan suna tuna mini cewa ba za su jira shawara ba. Na ce a kira wanda ya ƙulla.

Ku da kuka san babanku kun san abin da ake nufi da ya keta taron mata a gidan surukai. Mutumin da ko gaisawa da Hajiya Biba daga bayan labule yake yi. Ya shigo yana sallama tun daga zaure, kansa a ƙasa, mata suna darewa suna jan mayafi. Ya durƙusa da ƙyar a gefena, ya ce kowa ta kwantar da hankalinta, wannan ƙullin ja ɗaya ne, akwai ɗan bakin da ake kamawa. Ya nemi ɗan bakin. An riga an tauna shi, an shafe shi da mai, an tura shi can ciki. Ya ja wani wurin, na ji numfashina ya tsaya.

"Alhaji," na ce ta cikin haƙora, "in ba ka kwance ni yanzu ba, abin da zai faru a ɗakin nan har jikokinmu sai sun ji shi."

Ya miƙe ya fita da saurin da gwiwarsa ta yarda. Mahaucin da ya feɗe ragon suna yana bayan gida bai tafi ba. Daga wurinsa ya karɓo wuƙar, doguwa, ko gama wanke ta ba a yi ba, ya sake ketowa ta tsakiyar mata da ita tsirara a hannu, idonsa jajir, yana cewa, "Ina take? Ku ba ni hanya!" To ku gaya mini, matan da ke tsakar gida da ba su san abin da ake ciki ba, me za su ɗauka? Wata tsohuwa ta kwarma ihu, aka yi ta kifar da kwanoni, wata ta haye kan buhun shinkafa, maza suka ruga ciki Shef yana gaba. Wannan ita ce wuƙar da kuke ba da labari. Babanku ya sa bakinta a hankali tsakanin igiya da zane, ya ce bismillahi, ya yanke. Igiya ta faɗi, zane ya bi ta. Allah ya saka wa Hajiya Biba da alheri, ita ta yi wuf ta lulluɓe ni da mayafinta. Ban tsaya godiya ba, na bi ta tsakiyar mutane zuwa bayi da saurin da rabona da shi tun ina ɗaukar talla.

Da na fito, na dawo ɗakin, an kori mutane, saura Hajiya Biba da ƴan tsofaffi, da Shef a tsaye hannu a ƙugu, da babanku a rakuɓe jikin bango. Mata kuwa sun cika taga da bakin ƙofa.

"Inna, kin gani ko?" in ji Shef. Ya tsorata da gaske. "Igiya! Igiyar shanya a jikin mutum! Da ya yanke ki fa? Mota tana waje, daga nan gida za mu wuce."

Na buɗe baki zan yi magana, babanku ya riga ni.

"Yaron ga ya yi gaskiya, Hajiya. Ki tahi. Na kunyata ki gaban mutane. Tsoro ni ji kada shi zame, shi ya sa."

Na dubi Shef, na san saboda ƙauna yake yi. Na dubi taga, ga matan foyandinmu, waɗanda shekara da shekaru suke koyon ɗauri a wurina, wasu har yanzu kafaɗunsu na rawa don dariyar da suke dannewa. Sunan da na yi a garin nan ya riga ya tafi, na san daga ranar ba za a sake kawo mini amarya ba, kuma ba a sake ba. Wannan na haƙura da shi. Na duƙa na ɗauki zanen daga ƙasa da hannun hagu, duk ya yi maiƙo, na miƙa wa babanku.

"Tashi ka ɗaura mini, mu tafi gida."

"Inna, ga mata nan cike da gida, kowace za ta iya..."

"Na san da su. Ka fita ka ba mu wuri, ko so kake ka ga uwarka ba zane?"

Ya fita. Hajiya Biba ta riƙe mini mayafi ta kawar da kai. Babanku ya ɗaura, ba igiya ba ƙulli, ya kai bakin hagu, hagun tawa. Gefe ɗaya ya ɗage har ƙwauri, ɗayan yana sharar ƙasa. Haka na fito na ratsa tsakar gidan nan, na dafe zane da gwiwar hannu, jelar rawanina tana lilo, ina yi wa kowa sai an jima. Hajiya Biba ta rako mu har bakin hanya tana cewa kala suru, wato in yi haƙuri, tana yi tana share hawayen dariya. Shef ya buɗe mana ƙofar motarsa. Da muka iso mararraba ya ɗan rage gudu, ya dube ni ta madubi, na dube shi, ya karya kan mota zuwa kartiyenmu. Bai sake tayar da maganar Tawa ba.

Yanzu ga abin da ba ku sani ba. Kun daɗe kuna cewa aikin kafaɗar nan bai yi kyau ba, tunda na fi shekara ban iya ɗaura wa kaina zane ba. Ku daina ɗaukar alhakin lokotoron mutane. Matar da ke motsa mini hannu a asibiti ta sallame ni tun kafin sanyi ya shigo. Amma a lokacin babanku ya ƙware. Yana tashi da asuba ya zaɓo zanen da zan sa, har ya fara yi mini gardama a kan kala. Wata rana da hantsi na miƙa hannun dama can saman kabad in sauko da kwalla, sai ga shi a bakin ƙofa. Muka haɗa ido, hannuna a sama, kwalla a hannu. Ya yi tari, ya juya ya koma zaure, ya ɗan jima, sannan ya dawo yana sallama da ƙarfi tun daga nesa. Ya tarar da ni zaune na rungume hannu a ƙirji. Da safe ya zo da zane kamar kullum, ni ma na tashi na tsaya.

Haka muka ci gaba har ciwon ajalinsa ya kwantar da shi. Safiyar da ya kasa tashi, Shef ya zo kai shi asibiti. Ban yi tunanin komai ba, na tallafo babanku na zaunar da shi, na ɗauki rigarsa na ɗaga ta sama da hannu biyu na zura masa ta kai.

"Inna! Hannun! Hannunki ya ɗagu!"

Shef ya fita tsakar gida da gudu yana kiran Zuwaira a waya ya yi mata albishir. Kan babanku yana cikin rigar, sai na ji muryarsa daga ciki, ƙasa-ƙasa.

"Kin tona muna asiri, Hajiya."

"Yi shiru ka miƙo hannu."

Ya miƙo. Da kansa ya fito ta wuyan rigar, ya tsaya yana maida numfashi, sannan ya dubi ƙuguna, ya dubi zanen da na ɗaura da kaina a safiyar nan, karo na farko tun ranar da na faɗi. Ya daɗe yana dubansa.

"Ya karkace," in ji shi.